Satar Babura A Garejin Unguwarmu Da Yadda Muka Ƙare Da 'Yan Inshora

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwana mazauna Kurmi, tun daga Sabo da Ojoo da Akinyele a nan Badun, har zuwa Agege da Idi-Araba a Ikko, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal, da duk inda neman halak ya jefa Bahaushe. Allah Ya ƙara mana rufin asiri, Ya mai da kowa gida lafiya.

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san cewa babur a wurinmu jari ne. Da shi ɗan acaba ke ciyar da iyalin da ya baro a ƙauye, da shi mahauci ke ɗauko nama da asuba, da shi yaron ɗan kasuwa ke kai kaya da karɓo bashi. Kuma kusan kowane ɗayanmu yana da wata takarda naɗe a cikin leda, a ƙarƙashin kujera ko a aljihun gaba, wadda muke kira takardar 'yan sanda, wato inshora. Muna biyan kuɗinta duk shekara, muna miƙa ta a shinge idan an tare mu, amma ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi abin da aka rubuta a jikinta. To yau ina so in ba mai karatu labarin babura uku da aka sace a dare ɗaya a gareji ɗaya, nawa yana ciki, da yadda takardun masu su suka yi da su. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni haifaffen Sabo ne. Unguwar nan tamu an kafa ta tun 1916, kuma fataucin goro ne ya kawo kakana cikinta. Mahaifina kuwa wake yake sayarwa a kasuwar Bodija, wanda ake loda masa daga Dawanau da Potiskum. Da na gama sakandare sai na tare a rumfarsa. Aikina shi ne rubuta littafi da kai wake ga matan da ke saya a wurinmu kullum, masu ƙosai da alale da masu dafa wake da burodi a bakin titi. Wata kwango goma take so, wata rabin buhu, kuma duk kafin rana ta ɗaga. A da cikin 'yar tasin nan Micra nake loda kayan. Amma da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama yana cinye ribar da ke cikin kwangon. Shi ne Baba ya yanke shawarar a sayi babur. A watan Agustan 2023 muka ciro sabon Boxer a kan naira 640,000. Rabin kuɗin na rumfa ne, rabin kuwa abin da na shekara uku ina tarawa ne saboda lefe.

Maganar inshora ta shigo ne ta hannun wata Iya da ta fi shekara ashirin tana sayen wake a wurin Baba. Ɗanta yana aiki da wani kamfanin inshora a wajen Dugbe. Ranar da ya rako ta kasuwa ya ga sabon babur, sai ya ja kujera ya zauna ya yi mana bayani da Yarabanci. Ya ce takarda iri biyu ce. Akwai ƙarama wadda doka ta wajabta, ita ce wadda kowa ke riƙewa, aikinta shi ne in ka buge wani ko ka ɓata dukiyar wani kamfani ya biya shi. Kai mai babur ba ka da ko kwabo a cikinta. Sannan akwai babbar, cikakkiya, wadda ta haɗa da wannan ta ƙara da haɗarin da ya sami naka abin hawan, da gobara, da sata. Ƙaramar naira 3,000 ce ga babur, kamar yadda hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta tsayar daga 1 ga Janairun 2023, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har zuwa naira miliyan 1. Babbar kuwa ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin abin hawan ba, wato a namu naira 32,000 a shekara.

Baba ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce, “Kai, Allah ne mai tsarewa. Ni tun da nake ban taɓa ganin wanda inshora ta biya ba.” Na ce, “Haka ne Baba, amma rabin kuɗin nan ka san na mene ne.” Ya dube ni ya yi murmushi, ya buɗe aljihu ya ƙirgo kuɗin, ya ce wa Iya saboda ita ya bayar, don bai taɓa kama ta da ƙarya ba. A wurin Baba yarda da mutum ita ce takarda. Haka ya gada, haka yake aika miliyoyi Arewa da kiran waya kawai, buhunan wake su iso ba tare da an sa hannu a komai ba.

Wanda ya san Sabo ya san gidajenmu a cushe suke, lungunanmu kuma matsattsu. Ba kowa ke da zauren da zai shigar da babur ba, musamman 'yan haya da samarin da ke kwana su biyar su shida a ɗaki. Saboda haka akwai gareji-gareji na kwanan babura. Namu tsohon garejin mota ne na wani gida, mai ƙyauren ƙarfe biyu da ake haɗewa a sa ƙaton kwaɗo. Yana ɗaukar babura kusan ashirin, kowa yana ba da naira 200 a dare. Akwai wani dattijo mai gadi da ke kwana a rumfar kwano daga gefe, makulli ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun mai gidan. Bayan wannan ni ina kulle wuyan babur, in kuma ɗaure tayar baya da sarƙa.

A shekarar 2024 an yi Babbar Sallah ranar 16 ga Yuni. Unguwa ta yi shiru, mutane da yawa sun tafi gida. Kwana huɗu bayan Sallah aka wayi dare da ruwa irin na Badun, mai tsawa da iska, wanda in yana dukan kwano ko ihu aka yi a ƙofar ɗakinka ba za ka ji ba. Da asuba bayan mun fito masallaci na je ɗaukar babur, na tarar da Baba mai gadi tsaye da fitila a hannu, jikinsa yana rawa. Kwaɗo yana nan a kulle lafiya lau. Ya buɗe da hannunsa a gabana. A ciki babura uku ba sa nan, kuma sababbin cikinsu aka zaɓa. Sarƙata tana yashe a ƙasa an datse ta gida biyu. Wallahi na daɗe ina kallon wurin da tayar ta bar sawu a ƙasa, na kasa cewa komai sai Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin hantsi mun isa ofishin 'yan sanda, mu uku masu babura da mai gida da mai gadi. Da jin cewa kwaɗo bai karye ba sai aka ce ai ba sai an yi dogon bincike ba, aka tura dattijon nan bayan kanta. Mutumin da ya shekara goma sha yana gadin wurin ko madubi bai taɓa ɓata ba. Kwana biyu ya yi a ciki kafin manyan unguwa da wakilin Sarkin Hausawa suka je suka tsaya masa. Ya fito idonsa ya faɗa, ya riƙe hannuna yana rantsuwa, ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai, don sa'an kakana ne. Wani mai walda na bakin layinmu shi ya warware abin. Ya zo ya duba ƙyauren ya nuna mana cewa an yanke ƙarafan da ɓangaren hagu ke rataye a kansu, aka ɗaga shi gefe, aka fitar da babura, aka mayar aka jingina kamar ba a taɓa ba. Ga sabon yanka yana ƙyalli. Nan take na ɗauki hoto da waya, na ɗauki na sarƙar, na kuma roƙi mai gida kada a gyara ƙofar sai mutanen inshora sun gani.

Yanzu bari in zo kan takardun, don nan ne labarin yake.

Na farko wani yaron mahauta ne. Ya zaro tasa takardar da ƙarfin gwiwa, mai tambari da launi, har da hatimi. Ɗan Iya ya karɓa ya shigar da lambar babur ɗin a rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ta tanada, wanda ake kira NIID, inda kowa zai iya dubawa da wayarsa a shafin askniid. Babu ita babu alamarta. Ashe irin waɗanda 'yan kamasho ke bugawa ce a bakin ofishin lasin, su karɓi kuɗinka su haɗa maka da sauran takardu. Shekara biyu yana yawo da takardar banza. Da a ce mutum ya buge a cikin shekarun nan, da daga aljihunsa zai biya, ga kuma laifin hawa ba inshora.

Na biyu ɗan acaba ne, mutumin Zamfara, wanda 'yan bindiga suka tasa ƙauyensu ya gudo nan, matarsa da 'ya'ya uku suna zaune a gidan 'yan'uwa a Gusau. Tasa takardar ta gaske ce, ta fito a rumbun da sunan kamfani da ranar ƙarewa. Da ya ga ta fito sai fuskarsa ta washe, ya ce Alhamdu lillahi. Ni na san abin da za a gaya masa, sai na kau da kai. Ɗan Iya ya yi masa bayani a hankali cewa wannan ƙaramar ce, ba ta san da zaman sata ba. Ya tambaya sau uku. Ya ce to me ya sa ake kiranta inshora? Abin da ya ƙara wa ciwon gishiri shi ne babur ɗin na biya-a-hankali ne. Wani mai kuɗi ya saya ya ɗora riba ya ba shi, yana kai balas duk mako, kuma saura wata biyar ya gama. Mai babur ya ce shi bai san zancen ɓarawo ba, yarjejeniya ita ce yarjejeniya.

Na uku ni ne mai babbar takarda. Duk unguwa aka yi ta yi mini barka kamar an riga an ƙirgo mini kuɗi. Ni ma na ɗauka mako biyu ya yi yawa.

A ranar da abin ya faru na sanar da kamfani ta waya, washegari na kai a rubuce, don takardar ta ce a sanar ba tare da jinkiri ba. Aka ba ni fom mai shafi huɗu da jerin abin da zan kawo: rasit ɗin saye na asali, takardun rajista, takardar inshorar kanta, makullan babur guda biyu, rahoton 'yan sanda na farko, sannan na ƙarshe wanda zai ce an nema ba a samu ba, da bayanina a rubuce, da na mai gadi, da hotuna. Makulli biyun nan ba wasa ba ne a wurinsu. In ka kawo ɗaya za su ce ina ɗayan, ko a jiki ka bar shi, ko wani ka ba. Allah Ya taimake ni Inna ta adana na biyun tare da rasit a ƙasan adakarta, cikin kwanon da take ajiye 'yan kunnenta.

Sai matsalar suna ta taso. Wanda ya rubuta rasit a shagon babura ya rubuta sunana yadda kunnensa ya ji. Na ofishin lasin ya rubuta wani iri, ya kuma juya sunan mahaifina ya zama nawa. A katin ɗan ƙasa kuwa sunan garin kakanni ne a ƙarshe. Mutum ɗaya, suna uku. Wannan ciwo ne da kusan duk Bahaushen Kurmi ke ɗauke da shi bai sani ba, sai ranar da ya je banki ko asibiti ko neman haƙƙi. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa duk ni ne, na haɗa da hoto, kafin fayil ɗina ya motsa daga teburin farko.

Bayan kwana tara suka turo mai ƙiyasin asara. Mutum ne mai fara'a, da ƙaramin littafi a hannu. Ya auna ƙofa, ya ɗauki hoton kwaɗo, ya tambayi mai gadi inda yake kwance da ƙarfe nawa ruwa ya fara. Sannan ya shiga unguwa yana tambayar mutane wata tambaya guda: yaron nan yana ɗaukar fasinja? Dalili kuwa, takardata ta ce babur na ɗaukar kayan kasuwancinmu ne. In aka samu ina acaba da shi ko da na yamma ne, sun sami ƙofar fita, don haɗarin ɗan acaba daban ne, kuɗinsa ma daban. Ni kuwa na gane cewa a idon mutanen nan duk Bahaushen da ke kan Boxer ɗan okada ne har sai ya kawo shaida. Na ɗauko masa littafin rumfa, ya ga kwanan wata da sunan unguwa da yawan kwangon da na kai kowace safiya tun daga Agusta. Na kai shi wurin mata uku masu ƙosai, suka kewaye shi da Yarabanci har sai da ya ɗaga hannu yana dariya ya ce ya gamsu.

Duk da haka, a ƙarshen Yuli sai ga wasiƙa. Sun ce suna nazari, domin rahoton 'yan sanda na farko ya nuna kwaɗo bai karye ba, wanda ke iya nufin da hannun na ciki ko sakaci. Rahoton an rubuta shi ne tun kafin mai walda ya gano yankan. A nan ne masu ba da shawara suka yi yawa. Wani ya ce in koma in ce da bindiga suka zo suka ɗaure mai gadi. Wani ya ce a fasa kwaɗon a ɗauki hoto. Wani ya ce akwai wanda ya sani a ciki, in aka ba shi kashi goma zai tura fayil. Na kawo wa Baba maganar da daddare yana cin tuwo. Ya ajiye cokalin miya ya ce, “Ɗan nan, babur aka sace maka, kada ka bari a haɗa da mutuncinka. Abin da ya faru shi za ka faɗa, in sun biya sun biya.” Daga baya na fahimci shawarar Baba ko ta fuskar doka ita ce daidai, don da zarar an kama ƙarya ɗaya a cikin bayaninka, duk haƙƙin ya zube, har wanda ka cancanta.

Abin da muka yi shi ne, mai walda ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, muka haɗa da hotunan ranar farko masu ɗauke da kwanan wata, muka koma wurin ɗan sandan da ke riƙe da binciken ya zo ya duba da idonsa ya sa a rahoton ƙarshe. Faɗin wannan a baki yana da sauƙi. A aikace sawu bakwai na yi, yau ba ya nan, gobe an tafi aiki na musamman, jibi babu takardar bugawa. Rahoton bai fito ba sai tsakiyar Satumba. A duk tsawon lokacin nan na koma loda wake a tasi da Keke, ribar tana tafiya a kuɗin mota, biyu daga cikin matan da nake kai wa suka koma saye a wurin wani saboda ina makara. Maganar lefe kuwa sai Baba ya aika gidan su yarinyar aka ba da haƙuri aka ɗaga zuwa bayan azumi.

Da na kai rahoton sai aka sake yin shiru. Kira ba a ɗauka, in na je a ce fayil yana hedikwata a Ikko. Wani malamin makarantarmu na dā da ke zuwa sayen wake shi ya ba ni makami. Ya ce dokar inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin, ta ba kamfani kwana 90 daga ranar da ka kai buƙatarka a rubuce ya gaya maka dalili in ba zai biya ba, in kuma ya amince zai biya, kwana 90 daga ranar da ya ba da takardar sallama. Ya ce kuma NAICOM tana da sashen karɓar koke. Ya taya ni rubuta wasiƙa gajera, ba zagi ba barazana, muka jera ranakun da na kai kowace takarda, muka ce in ba mu ji komai ba za mu kai kuka can. Na kai kwafi biyu, na sa aka buga mini hatimin karɓa a ɗaya na dawo da shi. Kwana goma sha ɗaya aka kira ni.

Ga lissafin da suka ajiye a gabana. Kuɗin da aka rubuta a takarda naira 640,000. An cire kashi 10 na tsufa saboda wata goma da babur ya yi yana aiki, saura 576,000. An sake cire kashi 10, wanda takardar ta ce shi ne kason da mai abu zai ɗauka da kansa a kowace asara, saura 518,400. Duk waɗannan suna rubuce a cikin ƙananan layukan da ke bayan takardar. Na kuma sa hannu cewa in aka ga babur ɗin wata rana ya zama nasu. A farkon Nuwamba kuɗin suka shigo, wata huɗu da rabi bayan satar.

To amma fa naira ba ta tsaya jiran fayil ɗina ba. Mu 'yan Sabo a bakin 'yan canji muke kwana muke tashi, mun ga yadda dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Boxer ɗin da muka saya 640,000, ranar da na koma shagon ya wuce miliyan. Inshora ba ta biyan farashin yau, iyakarta adadin da aka rubuta ranar da aka ƙulla. Abin da na karɓa bai kai rabin sabo ba. Na nemi na hannu mai ɗan dama-dama, na duba lambar inji da ta jiki suka dace da rasit ɗinsa na asali, na kira shagon da aka fara sayensa suka tabbatar, sannan na biya. Na yi haka ne don kada in sayi hawayen wani, tunda kasuwar babura marasa takarda ita ke ciyar da ɓarayin. Da babu gara ba daɗi. Baba da ya ga saƙon banki sai ya ce, “To, yau na ga wanda inshora ta biya. Amma ta sha ruwa kafin ta biya.”

Ɗan'uwanmu na Zamfara fa? Ranar Juma'a bayan an sallame liman ya yi sanarwa, aka shimfiɗa rawani a ƙofar masallaci. 'Yan acaba suka yi karo-karo a tasharsu, 'yan canji suka ba da nasu, mahauta ma haka. Manyan unguwa suka zauna da mai babur har ya yafe ribar da ya ɗora ya tsaya a kan uwar kuɗi. Abin da aka tara ya biya bashin, amma bai sayi wani babur ba. Yanzu dako yake yi a Bodija, ina ganinsa kusan kullum da buhu a ka, yana tara na wani. Wannan gudummawar ita ce inshorar da iyayenmu suka sani, kuma ba ta tambayar rasit ko makulli na biyu. Sai dai ƙarfinta iyakar aljihun jama'a ne, kuma a wannan zamani aljihun kowa ya huje. In babura uku suka tafi a dare ɗaya, rawani ɗaya ba zai ɗauke su ba.

Na san da yawa daga cikinmu suna gudun inshora ne saboda maganar malamai a kan riba da rashin tabbas da ke cikinta. Wannan ba fagena ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da zan iya faɗa shi ne akwai tsarin takaful, inda kuɗin da aka zuba ke zama gudummawa a asusun taimakon juna, in an yi rara a raba wa waɗanda ba su yi asara ba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma a 2016 aka ba kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi. In ka duba da kyau rawanin ƙofar masallacin nan ne aka yi wa littafi da ofis. Amma ko a can sai an tambaye ka rasit da rahoton 'yan sanda, don haka gyaran takardu bai da makawa.

Kuma lokacin wasa da takarda ya wuce. Wajabcin inshorar ɓarnar wani ya samo asali tun dokar Turawa ta 1945, daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta ƙaddamar da tilasta ta a duk ƙasa, sannan a shekarar 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003. Mu da ke zaune a garin mutane, mu aka fi tarewa a shinge, mu ne kuma 'yan kamasho suka fi samu da arha saboda da yawanmu ba sa karanta boko.

Don haka ɗan'uwa, yau ba gobe ba, zaro takardar nan daga ƙarƙashin kujera ka ba wani yaro mai waya ya duba maka ko tana cikin rumbun. Ka tambaya ƙarama ce ko babba. In acaba kake yi, a rubuta acaba. In babba ce, ranar sabuntawa ka sa a rubuta farashin da babur yake a kasuwa a ranar, ko da kuɗin zai ƙaru. Rasit da makulli na biyu su kwana a gida, sunanka ya zama iri ɗaya a ko'ina, lambar inji da ta jiki ka rubuta su a wani wuri daban. Masu ba da babur biya-a-hankali kuma su ji tsoron Allah su sa babbar takarda a cikin lissafi tun farko, maimakon a bar talaka yana biyan abin da ɓarawo ke hawa. A garejinmu yanzu an yi wa ƙyauren walda ta ciki, an buɗe littafin da ake rubuta lambar kowane babur da ya kwana, kuma muna zuba naira 100 a kan kuɗin dare a wani asusu da mutum uku ke riƙe da shi. Shugabannin sauran zango-zango su duba ko za su yi irin wannan, ko ma su tara 'yan acabansu su je wa kamfani a ƙungiyance, don murya ɗari ta fi ɗaya nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da mutuncinmu, Ya mayar wa duk wanda ya yi asara da mafificin alheri, Ya shiryi masu ɗaukar abin mutane, in ba masu shiryuwa ba ne Ya yi mana maganinsu. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.